Iska ta yi wa bishiyarka ɓarna? Ga abin da za ka yi, daga saiwa har zuwa 'ya'yan da suka zube

Jama'a barkanmu. Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk lokacin da aka yi iska mai ƙarfi sai an turo min hotuna, wannan mangwaronsa ya dare gida biyu, wancan gwaibarsa ta kishingiɗa saiwa duk a waje, wata kuma lemonta ne iska ta kakkaɓe ƙasa ta cika da ƙananan 'ya'ya kore shar, kuma tambayar dai ɗaya ce, wai za ta rayu ko a sare kawai a huta? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya.

Abin da na lura da shi, yawancinmu daga ƙarshe muke farawa. Da gari ya waye sai a ɗauko bokiti a hau tsintar 'ya'ya ana jimami, saiwar kuwa tana can tana shan rana ba wanda ya ko kalle ta. Ɗan da ya faɗi ya riga ya faɗi, zai iya jiranka zuwa yamma, amma saiwa ba ta jira. Don haka ka bi jerin nan yadda na kawo shi, kar ka tsallake.

Kayan da za ka tanada

Zarto mai kaifi na yankan itace, almakashin aske bishiya, wuƙa mai kaifi, shebur, guduma babba, turaku 2 ko 3 masu ƙwari, igiya, tsohon tib na taya ko tsumma mai faɗi, buhuna ko tsofaffin barguna, bokiti, sifirit ko bilic, safar hannu, da tabarau na kare ido. Kusan rabinsu kana da su a gida. In ma za ka kashe kuɗi to zarton ne da almakashin, kuma gara ka sayi masu kyau sau ɗaya, na arha tauna reshe yake yi maimakon yanka. Babban kashin kuɗi shi ne kiran mai sare itace in bishiyar babba ce, wannan kam ba a rowa a kansa, don gyaran rufin gida ko kuɗin asibiti sun fi ladansa nesa ba kusa ba.

1. Kar ka taɓa komai tukuna

Ka jira iskar ta lafa gaba ɗaya. Sannan ka tsaya daga nesa ka ɗaga kai ka duba sama kafin ka shiga ƙarƙashin bishiyar, saboda akwai reshen da ya karye amma bai faɗo ba, yana nan a maƙale a cikin ganye, ɗan motsi kaɗan zai rufto. Ka hana yara da dabbobi zuwa wurin.

Hattara: in reshe ya taɓa wayar wuta ko wayar ta faɗo ƙasa, ka ja baya aƙalla mita 10 ka kira masu wuta. Kar ka ce ai an ɗauke wuta, za a iya dawo da ita kana riƙe da reshen, kuma ɗanyen itace da jiƙaƙƙiyar ƙasa duk wutar lantarki na bi ta cikinsu.

2. Rufe saiwa nan take

In bishiyar ta tuge ko ta karkace har ƙasa ta ɗago daga gefe ɗaya, wannan ne aikin farko tun kafin ka yanke shawarar ko za ka cece ta. Ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi su ne ke shan ruwa, kuma awa kaɗan a rana da iska ta ishe su bushewa. Jiƙa buhu ko bargo ka lulluɓe su, ko ka watsa musu jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka riƙa yayyafa ruwa kar su bushe. Kar ka rufe da baƙar leda a rana, dafa su za ta yi. Aikin minti 10 ne amma shi zai ba ka kwana ɗaya ko biyu na yin tunani da neman masu taya ka.

3. Yanke hukunci: a ceta ko a sare

Nan ne son zuciya ke shiga, mutum ya shekara 7 yana ba bishiya ruwa ba ya son a ce masa ta tafi. Ka duba abubuwan nan da idon gaskiya.

Girma: bishiyar da kaurin jikinta bai wuce santimita 10 ba, wato kamar inci 4, ana iya tayar da ita ta kama. Babbar bishiya da ta tuge da wuya ta sake riƙe ƙasa yadda take da, ko ta yi ganye, iska ta gaba ma za ta iya kayar da ita, in kuma kusa da ɗaki take ko inda yara ke wasa ni dai shawarata a cire.

Saiwa: in fiye da rabin manyan saiwoyin sun tsinke, damar ta yi ƙaranci sosai.

Rassa: in abin da ya rage bai kai rabin rassan da ganyen ba, za ta sha wahala kafin ta farfaɗo. Amma bishiyoyi sun bambanta, mangwaro da gwaiba suna da taurin rai, ko an datse su sosai suna sake toho.

Ganga: in tsagar ta bi ta tsakiyar gangar jikin har ƙasa, ko ɓawon ya ɗaye fiye da rabin zagayen jikin, ba kasafai ake cin nasara ba.

Sai maganar aure. In bishiyarka mai aure ce, nemo gaɓar auren, ɗan kumburin nan ko lanƙwasa da ke ƙasa-ƙasa a jikinta. In a saman gaɓar ta karye, tohon da zai fito daga sama irin da ka saya ne. In a ƙasan gaɓar ta karye, abin da zai fito uwar da aka ɗora auren a kanta ce, za ka yi shekaru kana jira a ƙarshe ka samu 'ya'ya masu tsami ko masu zare, sai dai ka bar toho ɗaya ya yi ƙwari a sake yi masa aure.

In ka rasa ta cewa, kuma bishiyar ba ta barazana ga kowa, ka bi matakan da ke ƙasa ka ba ta wata 3 zuwa 6. Sarewa ba ta wuce ka ba.

4. Tayar da wadda ta kwanta

Wannan matakin ne aka fi ɓatawa, don haka zan ɗan tsaya a kansa.

Da farko rage mata nauyi. Cire rassan da suka karye, ka tsinke 'ya'yan da ke kanta, eh duka ko kusan duka, zan dawo kan wannan a ƙasa. In ƙasar ta bushe ka zuba ruwa ta yi laushi, in kuma ta yi caɓi sosai ka jira ta ɗan tsane.

Na biyu, ka haƙa rami a gefen da saiwar ta ɗago, daidai girman dunƙulen ƙasar da ya fito da saiwar. Mutane da yawa ba sa yin wannan, sai kawai su tura bishiyar ta miƙe, alhali ƙasa ta riga ta zube cikin gurbin, sai ta zauna a ɗage ba ta koma mazauninta ba, saiwoyin ɗaya gefen ma da suka tsira su tsinke. Haka kuma ka ɗan sassauta ƙasar gefen da ta faɗa.

Na uku, duk saiwar da ta karye ko ta tsage ka yanke ta da almakashi ko zarto daidai inda lafiyayyen wuri ya fara. Yanka mai santsi ya fi saurin fitar da sabuwar saiwa, tsagaggen wuri ruɓewa yake yi.

Na huɗu, ɗagawa. Naɗa buhu ko tsumma a jikin bishiyar kafin ka ɗaura igiya don kar ta ɗaye ɓawo. Mutum biyu ko uku, wasu na turawa wani na ja, a hankali, a ɗaga kaɗan a tokare da gwafa a huta, a sake ɗagawa. In ka ji saiwa na ƙara tana tsinkewa ku tsaya, akwai inda ba ka haƙa ba. Kuma ba dole ta miƙe ƙyam ba, bishiyar da ta ɗan karkace tana raye ta fi miƙaƙƙiya matacciya.

Hattara: kar ka ja da mota ko babur. Fizga ɗaya za ta ƙarasa saiwar da ta rage, in igiyar ta tsinke kuma wanda ke kusa ne zai ji a jikinsa.

Na biyar, mayar da ƙasar da ka haƙo, kana zubawa kana zuba ruwa don ƙasar ta shiga tsakanin saiwoyi kar a bar kogo, ka danna da ƙafa a hankali ba kirɓawa ba. Ka tabbata bishiyar ta zauna a zurfinta na da, za ka ga alamar inda ƙasa take a jikinta. Kar ka tara mata ƙasa a wuya wai don ta ƙara ƙarfi, ruɓar da ɓawon gindin yake yi, musamman lemo. Kar kuma ka zuba taki a ramin.

5. Turke da ɗauri

Kafa turaku 2 ko 3 a waje da dunƙulen saiwar, a ƙasa mai tauri, su shiga kamar santimita 50 zuwa 60. In biyu ne, ɗaya ya kasance ta ɓangaren da iskar ta fi zuwa. Ɗaure a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin bishiyar, ko ƙasan rassan farko. Abin ɗaurin ya zama mai faɗi mai laushi, tib na taya da aka yanka shi ne gwani, ka yi masa siffar lamba 8 tsakanin turke da bishiya yadda ba za su riƙa gogar juna ba.

Ka bar mata ɗan wurin motsi. Bishiya da rangajin da take yi a iska take gane cewa tana buƙatar kauri da saiwa, in ka ƙulle ta tamau sai ta yi tsawo siririya ta dogara da turken, ranar da ka cire ta kwanta.

Hattara: ban da waya, ban da siririyar igiyar roba kai tsaye a jikin ɓawo. Ni kaina na yi wannan kuskuren da wata gwaiba, na ɗaure da waya na manta, bayan shekara na zo na tarar wayar ta nutse cikin jikinta, iska ta gaba a daidai wurin ta ɓalle kamar an sa zarto. Ka riƙa duba ɗaurin duk wata kana sassautawa, bayan wata 6 zuwa shekara 1 ka kwance ka girgiza ta kaɗan, in ƙasar gindin ba ta motsi to ta kama, cire turakun.

6. Yanke karyayyun rassa

Kafin ka fara goge zarto da almakashi da sifirit, ko ka tsoma su a bilic kashi 1 ruwa kashi 9, sannan ka ɗauraye ka shafa mai don bilic na cin ƙarfe. Haka za ka yi duk lokacin da za ka koma wata bishiyar.

Ƙaramin reshe almakashi ya isa, yanke shi a saman wani ido, wato inda toho ke fitowa, ko wani reshen gefe mai lafiya. Babban reshe kuwa, wanda ya fi kaurin hannu, yanka uku ake masa. Na farko daga ƙasa, kamar santimita 20 zuwa 30 daga jikin bishiyar, ka shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa ka tsaya. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farkon ta wajen ganye, ka yanka har ya faɗi. Amfanin na farkon shi ne in reshen ya tafi da nauyinsa ba zai ja ɓawo ya ɗaye jikin bishiyar har ƙasa ba. Na uku shi ne cire guntun da ya rage.

Wurin yanka na ukun nan shi ne komai. Duba inda reshen ya haɗu da uwar, za ka ga ɗan kumburi kamar zobe ya zagaye gindinsa. A gaban zoben za ka yanka, ka bar shi a jikin bishiyar, domin daga nan ne naman da zai rufe ciwon yake fitowa. In ka shafe shi daidai da jiki ciwon ya yi faɗi kuma ya daɗe bai rufe ba, in ka bar dogon guntu kuma ya bushe ya zama ƙofar gara da ruɓa.

Adda da gatari ka ajiye su. Na san su ne a kusa, amma sara na farfasa itacen ya bar wurin da ruwa zai kwanta.

Hattara: reshen da ya lanƙwashe wani abu ya danne shi kamar baka yake da aka ɗana, kana yankawa zai iya zabura ya doke ka a fuska. Fara rage shi daga can ƙarshen ganye, kuma ka tsaya a gefe. Zarton inji a kan tsani ko sama da kafaɗa, wannan aikin masu sana'ar ne.

Kuma abin da ya karye kawai za ka cire. Kar ka ce bari in daidaita ta ta yi kyau ka bi lafiyayyun rassa da aski, garin neman gira a rasa ido, kowane ganyen da ya rage abinci yake haɗa mata. Gyaran siffa sai baɗi.

7. Ɓawon da ya ɗaye da reshen da ya tsage

In ɓawo ya ɗaye yana reto, ɗauki wuƙa mai kaifi ka gyara bakin ciwon, ka cire wanda ya rabu da itacen ka tsaya daidai inda yake manne. Kar ka faɗaɗa ciwon wai don ya yi siffa mai kyau. In a awannin farko ka gani ɓawon na da danshi kuma yana haɗe ta gefe ɗaya, za ka iya mayar da shi mazauninsa ka naɗe da tsumma ko roba mai faɗi na 'yan makonni, wani lokacin yana kamawa.

Yanzu maganar da za ta ɓata wa wasu rai. Kar ka shafa baƙin mai, ko kwalta, ko fentin mai, ko siminti a kan ciwon bishiya. Suna kulle danshi ne a ciki ruɓa ta samu wurin zama, baƙin mai kuma ƙona ɗanyen naman bakin ciwon yake yi, gyaran gangar auzinawa kenan. Bishiya da kanta take killace ciwonta daga ciki, abin da take so a gare ka yanka mai tsafta ne da iska.

In wurin da manyan rassa biyu suka rabu ne ya tsage amma bai rabu duka ba, kuma bishiyar ba babba ba ce, ana iya haɗa shi. Rage nauyin rassan, a ja su da igiya daga sama har tsagar ta rufe, a huda da injin huda ta ratsa duka ɓangarorin, a zura dogon bol a sa washa mai faɗi da noti a kowane gefe a ɗaure. Bol ɗin zai zauna har abada, itacen zai haɗiye shi. Wannan ma a kwana ɗaya ko biyun farko ake yi kafin cikin tsagar ya bushe. Naɗe rassan da waya ta waje ba ya maye gurbin bol, shaƙe su zai yi.

Abu ɗaya da ake shafawa shi ne farin fenti na ruwa, irin na bango, rabi fenti rabi ruwa, ko farar ƙasa, a jikin ganga da manyan rassan da a da suke cikin inuwa yanzu rana ta same su. Ɓawon da bai saba da rana ba ƙonewa yake ya tsattsage, fiya da lemo da mangwaro duk suna yin haka. A kan lafiyayyen ɓawo ake shafawa, ba a kan ciwon ba.

8. Masu nasu hukuncin daban

Ayaba ba itace ba ce, jikinta ganye ne a nannaɗe, in ta karye ta karye ba ɗauri ba turke. In tana da nono kuma 'ya'yan sun ciko kusurwoyinsu sun fara shafewa, yanke nonon ka rataye a inuwa zai nuna. Sare uwar ka daddatsa ka zuba a gindin, ka bar ɗa ɗaya ko biyu masu siririn ganye kamar takobi su gaje ta. Wadda ta karkace kawai ka tokare ta da gwafa biyu a ƙarƙashin wuyan nonon.

Gwanda cikinta rami ne. In ta karye a sama, yanke ta daidai a wajen mita 1 daga ƙasa ka kifa gwangwani a kai kar ruwa ya shiga, za ta fitar da toho ta gefe, ka bar 2 ko 3. In ta tuge daga saiwa kuwa, sau da yawa shuka sabuwa ya fi sauƙi tunda ba ta daɗewa kafin ta fara haihuwa.

Dabino da kwakwa ido ɗaya gare su a can ƙoli. In zuciyar nan ta tsira za su farfaɗo, in ta karye shi kenan. Kar ka cire koren ganye ko da ya lanƙwashe.

9. Sai yanzu 'ya'yan

Kwashe duk abin da ya zube a ranar, ka kasa gida uku.

Waɗanda suka ƙosa ba su fashe ba. Mangwaro, ayaba, gwanda, fiya, gwaiba da tuffa suna ci gaba da nuna bayan sun bar uwa, amma fa in sun ƙosa. Yanka mangwaro ɗaya ka gani, in ƙwallon ya yi tauri naman da ke kusa da shi ya fara rawaya, sauran masu girmansa za su nuna. In cikin fari ne ƙwallon na yankuwa da wuƙa, yanƙwanewa kawai zai yi. Wanke su, ka goge ƙaron da ya zubo don yana ƙona ɓawon har da fatar mutum, ka shimfiɗa su a inuwa ba a tsibe ba. In ka sa su a kwali da nunanniyar ayaba ɗaya sun fi saurin nuna. Lemo, inabi da rumman kuwa ba sa ƙara zaƙi bayan an tsinke, yadda suka faɗo haka za su zauna, ɗanɗana ɗaya ka san matsayinsu.

Waɗanda suka bugu ko suka ɗan fashe, a yanke wurin a yi amfani da su a ranar ko washegari, kar a haɗa su da lafiyayyu.

Hattara: wanda ya faɗa cikin kashin dabbobi ko ruwan kwata ko ambaliya, ko ya fara funfuna, a zubar.

Sauran, ƙanana da ruɓaɓɓu, kar ka bar su a gindin bishiya wai za su zama taki. Ƙudan 'ya'yan itace a cikinsu yake ƙyanƙyasa, tsutsar ta shiga ƙasa ta fito ta hau waɗanda suka rage a sama. Ko ka binne su a rami mai zurfin aƙalla santimita 50, ko ka ƙulle su a baƙar leda ka ajiye a rana kamar mako ɗaya.

Na kan bishiyar kuma fa? In rassa kaɗan ne suka karye saiwa lafiya lau, bar su, ka cire waɗanda suka ji ciwo kawai. Waɗanda ganye ko reshe ya goga suka yi tabo ruwan toka kamar ƙasbi, musamman lemo da ke samun wannan a makonni 12 na farko bayan fure ya zube, a ɓawo kawai abin ya tsaya, cikin lafiya yake. Amma bishiyar da aka tayar, ko ta rasa rassa da yawa, a sauke mata kayan. Na san da ciwo, amma saiwar da ta rage ba za ta iya ciyar da 'ya'ya ta kuma gina sabuwa a lokaci guda ba, in ka nace sai a yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Furen da za ta yi nan kusa ma ka tsinke, bishiyar da ta wahala takan yi fure da yawa, kar ya ruɗe ka.

In lokacin fure iskar ta zo, ba abin yi sai ban ruwa da haƙuri. Ƙudan zuma ba ya fita sosai a iska mai ƙarfi, busasshiyar iska kuma na busar da furen, don haka bana za a samu kaɗan. Ƙarin zubar ƙananan 'ya'ya a mako ɗaya ko biyu bayan iskar ma ba sabuwar cuta ba ce, kar ka ruga sayen maganin feshi.

10. Jinya

Ruwa shi ne maganin. Wadda aka tayar ka ɗauke ta kamar sabon dashe, a shayar da ita sosai sau 2 ko 3 a mako a watannin farko in ba a ruwan sama, a ƙasa mai yashi a ƙara, a mai laka a rage. Tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ka bari sai gobe, don yankakkiyar saiwa a cikin caɓi ruɓewa take. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganye kaurin santimita 5 zuwa 10 a zagaye, ka bar tazarar tafin hannu daga jikin bishiyar saboda gara da ruɓa. In iskar ta zo da ƙura ko gishirin teku ka wanke ganyen da ruwa.

Hattara: ban da takin zamani sai ka ga sabon toho ya fito ya yi ƙwari, sannan ma rabin abin da ka saba. Taki a kan raunanniyar saiwa ƙona ta yake.

Ganye zai iya zubewa, wannan bai nuna ta mutu ba. Kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce, in ƙarƙashin kore ne da danshi tana raye. Ka riƙa duba ƙananan huji da garin itace a jikinta, alamar ƙwaro mai huda ne, ya fi son bishiyar da ta galabaita. Tohon da zai fito da yawa a bakin yanka ka bar shi 'yan watanni, sannan ka zaɓi 2 ko 3 masu kyau ka cire sauran. Duk wanda ya fito a ƙasan gaɓar aure cire shi tun yana ƙarami.

11. Kafin iska ta gaba

Rage tsawo. Bishiyar gida da aka riƙe a mita 3 zuwa 4 ta fi jure iska, ga sauƙin tsinka. A rage cunkoson cikinta yadda iska za ta ratsa, amma kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda. Rassan da suka fito a matse kamar almakashin da aka ɗan buɗe su ne masu darewa, waɗanda suka buɗe kamar digiri 45 zuwa 60 sun fi ƙarfi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗan karan da ka sa tsakanin reshe da uwa a shekarar farko ya wadatar.

In ta ɗauki 'ya'ya da yawa a rage tun suna ƙanana, a tuffa misali ɗaya a kowane gungu da tazarar santimita 15 zuwa 20, reshen da ya sunkuya da nauyi a tokare shi da gwafa a sa tsumma a bakinta. Ban ruwa mai zurfi jefi-jefi ya fi yayyafin kullum, yana sa saiwa ta nutsa. In an ga hadari ko an yi sanarwar iska kar a cika gindin da ruwa a ranar, jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ke sakin saiwa, waɗanda suka ƙosa a tsinke su tun da wuri, na cikin tukwane kuma a kwantar da su ko a kai su lungu.

Sai shingen tare iska a ɓangaren da ta fi zuwa. Yana kare tazarar da ta kai kamar ninki 10 na tsayinsa, wato shinge mai mita 2 zai rage iska har wajen mita 20 a bayansa. Wanda iska ke ɗan ratsawa, kamar rabi a buɗe rabi a rufe, irin raga ko jerin shuke-shuke, ya fi katanga toshasshiya, domin iskar da ta haura katanga juyowa take ta daki abin da ke bayanta. In shuka za ka yi ka ba shi tazarar 'yan mitoci daga bishiyoyin 'ya'yan kar ya cinye musu ruwa ya rufe musu rana, in kuma wurin ƙarami ne raga a kan turaku masu ƙwari ta isa har ƙananan su yi shekara 2 ko 3 su kama ƙasa.